Wane wiski ne ke jure amon kiɗa?

Shekarun baya na taɓa buɗe wata kwalbar wiskin da ya yi shekara 18 a gangar katako, wadda na daɗe ina adanawa, na juye rabinta a gora na tafi da ita wurin wasan makaɗa a fili. Niyyata in karrama abokan da muka daɗe ba mu haɗu ba. Muka tsiyaya a kofin takarda, rana ta riga ta ɗumama shi, sifiku na girgiza ƙirji, iska cike da hayaƙin taba da turaren jama'a. Na kurɓa, na jira ƙamshin zuma da busasshen inabin da na san yana ciki, amma zafi kawai ya iso harshena. Abin ya yi mini ciwo, domin na san aikin da ke cikin wannan kwalbar, na kuma san wurin da na kai shi ne ya danne shi. Tun daga ranar na daina tambayar wane wiski ne ya fi kyau idan zan je sauraron kiɗa. Abin da nake tambaya yanzu shi ne, wanne ne zai iya jure wurin.

Kafin a kai ga zaɓe, akwai ƙofar shiga. Yawancin manyan ɗakunan wasa da filayen wasanni ba sa barin kowa ya shiga da barasar da ya zo da ita, kuma masu gadi kan caje jaka. Wasu bukukuwan da ake kwana a wurin suna yarda a ajiye ta a sansanin kwana kaɗai, ban da gaban dandamali. Bikin Glastonbury na Ingila ya yi suna wajen barin mutum ya shiga da abin shansa daidai buƙatar kansa, amma ko shi ya haramta kwalbar gilashi, saboda gona ce ta shanu, kuma fasasshen gilashi a cikin ciyawa haɗari ne ga mutum da dabba. Don haka ka karanta ƙa'idar da ke tare da tikitinka. Idan sun hana, ka bar shi a gida. Ban ga amfanin ɓoye gora a cikin safa ba, a ƙwace ta a idon jama'a, wataƙila a haɗa da tikitin da ka biya. Duk abin da zan faɗa a ƙasa na wurin da aka yarda ne, kuma na baligin da dama can yana sha.

To, me wurin kiɗa ke yi wa wiski? Na farko shi ne ƙara. Masu bincike a Jami'ar Manchester sun gwada ba mutane abinci cikin shiru da cikin ƙara mai ƙarfi, suka ga ƙarar tana rage jin zaƙi da gishiri a harshe. A kan abinci suka yi gwajin, amma abin da na sha gani a wiski bai saɓa da shi ba: wanda zaƙinsa siriri ne, ɓoye a bayan ƙamshi, shi ne farkon ɓacewa. Na biyu zafi. Gorar da ta wuni a aljihu takan ɗauki ɗumin jiki, kuma da zarar wiski ya ɗumama tururin barasarsa kan tashi ya soki hanci, ya rufe sauran ƙamshin. Na uku kofi. Kofin ɗanɗana wiski yana da faɗin ciki da tsukakken baki domin ya tara ƙamshi wuri guda. Kofin roba ko na takarda buɗe yake, ƙamshin na tashi iska ta kwashe. Wanda kuma ya kafa baki a gora kai tsaye ya cire hanci daga lissafi gaba ɗaya, alhali mafi yawan abin da muke kira ɗanɗanon wiski ta hanci yake zuwa. Sai na huɗu, wanda aka fi mantawa: ba kai kaɗai za ka sha ba. Gora a wurin kiɗa hannu-hannu take yawo, kuma a cikin mutum biyar da wuya ka sami biyu masu harshe iri ɗaya.

Da wannan ma'aunin zan auna su.

Zan fara da wiskin Ayaland, domin shi ne ba ya faɗa da kowa. Dokar ƙasar ta ce sai ya yi aƙalla shekara uku a gangar katako, kuma da yawa daga cikinsu sau uku ake tace su da tururi, maimakon sau biyun da aka saba a Skotland. Ƙarin tacewar nan tana rage nauyi da kaifi. Jameson, wanda ya faro a Dublin a 1780, yau kuma a Midleton ake yin sa, shi ne misalin da kowa ya sani: ƙarfinsa, wato kason barasar da ke cikinsa, kashi 40 cikin 100, mai laushi, da ɗan ƙamshin tuffa da banila. Ko ya ɗumama bai cika yakushin maƙogwaro ba, kuma yana shiga lemon citta ko soda salin-alin. Rauninsa daga ƙarfinsa ya fito. Saboda sauƙinsa, idan kiɗan ya yi tsanani sai ya zama kamar ruwa mai ɗumi, ba ka jin komai illa saukarsa, kuma abin da ke sauka babu gardama yakan yaudari mutum ya zarce. Idan kana son laushin Ayaland amma da jiki, Redbreast mai shekara 12 ya fi. Ana yin sa a tukunyar tagulla daga haɗin sha'ir mai tsiro da marar tsiro, kuma wannan sha'ir ɗanyen ne ke ba shi maiƙo da ɗan yaji a baki. Sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ni ba zan kai shi fili ba. A ƙaramin zaure ya dace.

Burbon na Amurka shi ne wanda na fi yarda da shi a cikin hayaniya, kuma dalilin yana cikin dokarsa. Dole aƙalla kashi 51 na hatsin ya zama masara, dole kuma a zuba shi a sabuwar gangar itacen ok wadda aka babbake cikinta. Babbakewar tana narkar da sukarin da ke cikin itacen, sabon itace kuma yana da banila da yawa da zai bayar, tunda babu wanda ya riga ya tsotse shi. Ba a yarda a ƙara wa burbon launi ko ɗanɗano ba, don haka duk jan da ka gani da zaƙin da ka ji daga hatsi da ganga suka fito. Abin da hakan ke nufi a wurin kiɗa shi ne, zaƙin nasa a gaba yake, baro-baro: ƙonannen sukari, banila, kirfa. Ko ƙara ta cinye rabinsa, sauran ya isa. Shi ya sa a kofin roba burbon matsakaici yakan fi wiski mai tsada ninki uku armashi.

A cikin burbon ɗin ma akwai bambanci da ya kamata ka sani. Bayan masara, yawanci hatsin rai (wani hatsi dangin alkama, "rye" a Turance) ake ƙarawa, wanda ke kawo yaji kamar na masoro. Maker's Mark, mai jan kaki a wuyan kwalba, alkama yake sa wa a madadinsa, shi ya sa ya fi taushi duk da ƙarfinsa kashi 45 ne. Idan gorar za ta zaga hannun mutanen da ba su saba ba, shi zan ɗauka. Wild Turkey 101 kuwa wani abu ne daban. Lambar 101 ma'aunin Amurkawa ce, wanda ke ninka kason barasa sau biyu, wato ƙarfinsa kashi 50.5. Idan akwai ƙanƙara, babu kamarsa, domin tana narkewa yana buɗewa, bai zama salam ba. Idan babu ƙanƙara kuma rana ta buga shi, wuta ce zalla, kuma kowane kurɓi ya fi na mai kashi 40 barasa da kusan rubu'i. Jack Daniel's na Tenesi, wanda ake tsiyayarwa ta cikin gawayin itacen mafil kafin a zuba a ganga, ya daɗe da zama abokin makaɗan rok. Ba na raina shi: da lemon kola yana yin aikinsa. Amma shi kaɗai, a ɗumi, na fi jin sa siriri idan aka jera shi da biyun can.

Yanzu Skotland, inda mutane suka fi yin kuskure saboda suna. Dokar 2009 ta ce wiskin Skotland sai ya yi aƙalla shekara uku a gangar ok a cikin ƙasar, kuma kada ƙarfinsa ya gaza kashi 40. Wanda aka rubuta wa "Single Malt" daga matata guda yake, da tsiron sha'ir kaɗai, a tukunyar tagulla. Wanda aka rubuta wa "Blended" gauraye ne na matatu da dama, har da wiskin wasu hatsi mai sauƙi. Mutane da yawa sun ɗauka na farkon koyaushe ya fi na biyu. A kujerar falo, sau da yawa haka ne. A gaban dandamali kuwa lissafin kan juye. Galibin wiskin Skotland a tsofaffin gangunan da burbon ya riga ya kwana a ciki ake ajiye shi, tunda masu yin burbon ba sa iya maimaita ganga. Don haka itacen a hankali yake magana, kuma wiskin yankin Speyside irin su Glenfiddich ko The Glenlivet masu shekara 12 kyawunsu a cikin siraran abubuwa yake: fure, tuffa, ɗan zuma. Waɗannan su ne ainihin abin da ƙara da iska ke sharewa. Kai su filin kiɗa tamkar raɗa ce a kusa da mai kiɗan ganga.

Gaurayen kuwa don a sha cikin jama'a aka tsara shi tun asali. Johnnie Walker Black Label, wanda shekara 12 da ke jikinsa shekarun mafi ƙanƙantar wiskin da ke cikin haɗin ne, yana da zaƙi a tsakiya da ɗan hayaƙi a ƙarshe. Wannan ɗan hayaƙin yana da amfani ƙwarai, domin shi ke riƙe ɗanɗanon idan sauran ya dushe. Monkey Shoulder, gaurayen wiskin sha'ir zalla, ya fi karkata ga banila da zaƙi, kuma yana karɓar lemon citta hannu bibbiyu. Duk wanda ya ce lallai sai na Skotland, tsakanin waɗannan biyun zan tura shi: na farko ga mai sha haka nan, na biyu ga mai gaurayawa.

Akwai kuma masu hayaƙi sosai, na tsibirin da ake rubutawa Islay ana furtawa Aila. A can ana busar da tsiron sha'ir da hayaƙin wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake haƙa a fadama, a shanya, a ƙona. Laphroaig da Ardbeg da Lagavulin duk a gaɓar kudu ta tsibirin suke, kusa da juna. Ina matuƙar son su, kuma gaskiya ce babu ƙarar da za ta iya danne Laphroaig mai shekara 10. Ko a tsakiyar sifiku za ka ji shi, da warin magani da toka da gishirin teku. Idan dare ne mai sanyi, a fili, kai da aboki guda da kuka san junanku, ban san abin da ya kai shi ba. Amma ka yi tunani sau biyu kafin ka kai shi taro. Mutane kashi biyu suke a kansa, masu ƙaunarsa da masu tsanarsa, ba a cika samun na tsakiya ba. Warinsa yana kai wa na kusa da kai wanda bai roƙa ba, a cunkoso kuwa wannan shiga haƙƙi ne. Kuma yana kama gora: duk abin da ka zuba bayansa sai ya yi warin hayaƙi, ko ka wanke. Mai son hayaƙi da bai kai haka ba ya duba Talisker mai shekara 10 daga tsibirin Skye, kashi 45.8, wanda yajin masoro ya fi hayaƙin fitowa a cikinsa.

Wiskin hatsin rai na Amurka, mai aƙalla kashi 51 na wannan hatsin, ya fi burbon bushewa da kaifi. Yana huda ƙara, amma bai da sada zumunci, sai ga wanda ya saba. Na Kanada akasarinsa sauƙi gare shi har ya zarce na Ayaland, don gaurayawa kawai zan ɗauke shi.

Japan ta cancanci a ɗan tsaya. Matatar Yamazaki a 1923 aka kafa ta, Nikka kuma a 1934, kuma Japanawa sun ƙware a wata hanyar sha da ta fi kowace dacewa da doguwar rana: wiski kaɗan, soda mai sanyi da yawa, ƙanƙara cike da kofi. Suntory Toki, kashi 43, kusan don wannan aka yi shi. Idan wurin fili ne da ake shimfiɗa tabarma, an kuma yarda ka shiga da kula ta ƙanƙara, wannan shi ne zaɓin da ya fi hankali: ma'auni ɗaya na wiski, uku ko huɗu na soda. Kofi guda zai ɗauke ka rabin awa ko fiye, kana shan ruwa tare da shi ba tare da ka yi shawara ba. Amma ka lura, duk darajarsa a sanyi take. Soda ta huce, ƙanƙara ta narke, to babu abin da ya rage. Nikka From The Barrel, kashi 51.4 a gajeriyar kwalba mai mililita 500, yana da cika da daɗi sosai, sai dai gargaɗin da na yi kan Wild Turkey ya hau kansa shi ma.

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A ƙaramin zaure da ake zama, inda mai gita ko makaɗan jaz ke wasa ana jin numfashinsu, kusan duk abin da na faɗa a sama ya sassauta. Nan ne Redbreast ko wiskin Speyside zai iya magana a ji shi, musamman idan akwai kofin gilashi da ɗan ruwa. Ɗigon ruwan ba ƙa'idar banza ba ce: a 2017 masana ilmin sinadarai biyu a Jami'ar Linnaeus ta Suwidin sun nuna cewa sirka wiski yana turo wasu sinadaran ƙamshi zuwa saman kofi, inda hanci ke samun su. A wasan tsaye mai cunkoso da tsalle, burbon mai alkama ko gaurayen Skotland. A bikin wuni ko na kwanaki, abu mai kashi 40 zuwa 43 da za a sirka, kuma kada ya zama mai tsadar da zubewarsa za ta ɓata maka rai, domin a irin wannan wuri sai an bangaje ka.

Batun yawa ba zan tsallake shi ba, don shi ne ya fi zaɓen suna muhimmanci. Kwalba mai mililita 700 da ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da mililita 280 na tsantsar barasa. A lissafin hukumomin lafiya na Birtaniya, inda mililita 10 ke zama ma'auni ɗaya, wannan ma'auni 28 ne, alhali shawarar da suka bayar a 2016 ita ce kada mutum ya wuce 14 a mako. Wato kwalba guda iyakar mako biyu ce. 'Yar gorar aljihu mai mililita 170, da ake gani kamar ba komai ba, kusan ma'auni 7 ce, rabin mako a dare ɗaya, kuma jiki wajen ma'auni ɗaya kacal yake iya narkarwa a awa. Kiɗan kansa yana ƙara wa abin gudu. A wani gwaji da aka wallafa a 2008, masu bincike a Faransa sun ɗaga ƙarar kiɗa a mashaya daga desibel 72 zuwa 88, suka ga mutane suna sha da sauri kuma suna sha da yawa. Wasan makaɗa kan wuce 88 nesa. Ga rawa, ga gumi, ga barasa na sa yawan fitsari, sai jiki ya bushe mutum bai ankara ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake ture masu kashi 50 gefe duk da ina jin daɗinsu: a cikin duhu, ba ma'auni a hannu, ido ba ya bambance kurɓin kashi 40 da na 50, hanta ce ke bambancewa. Ka ci abinci kafin ka fita, ka riƙe ruwa a ɗaya hannun, ka san yadda za ka koma gida ba tare da ka taɓa sitiyari ba. Wanda kuma ka miƙa wa gora ya girgiza kai, ka janye hannunka, kada ka tambaye shi dalili.

Ita gorar, ta bakin ƙarfe marar tsatsa ta fi. Ka cika ta ranar da za ka fita, ka juye abin da ya saura washegari, ka ɗauraye da ruwan zafi ka kife ta bushe. Wiskin da ya yi kwanaki a ciki yakan ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. Ka sa ta a jaka maimakon aljihun da ke manne da jiki, don kada ta ɗumama. Abu mafi arha da ya fi canza mini daren kiɗa kuwa shi ne ƙananan kofunan ƙarfe guda huɗu masu shiga cikin juna. Suna ba hanci damar yin aikinsa, suna nuna wa kowa iya abin da ya sha, kuma babu wanda zai sa baki inda wani ya sa.

Idan yau aka gayyace ni wasa ban san wurin ba, ban san waɗanda zan tarar ba, Maker's Mark zan zuba, rabin gora, da kofunan nan huɗu da babbar gorar ruwa. Idan na san akwai waɗanda ba su saba da wiski ba, sai in canza zuwa Jameson in nemi lemon citta. Ragowar kwalbar nan mai shekara 18 kuwa, a gida na ƙarasa ta da ɗaya daga cikin abokan, makonni bayan wancan wasan, muna sauraron faifan makaɗan a hankali, kuma a ranar ne ya ce mini ya ji zumar.